Kifayen da za su zauna lafiya a akwatin gilashi ɗaya

Jiya da dare a fadarmu muna shan shayi ƙanena ya kawo kukan kifayensa, biyar ya saya saura biyu, shi ne waɗanda suka daɗe da kiwon suka yi ta ba shi shawara, ga abin da na riƙe.

Kowa ya yarda sabon shiga ya fara da ƙananan kifayen adon da ake kira gupi da moli da filati, ba su da faɗa kuma suna jure ruwa mai ɗumi, amma a sa mata biyu ko uku ga namiji guda, in ba haka ba ya dami mace ɗaya har ta rame. Haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kuma sukan cinye 'ya'yan, sai a sa ciyawa wurin ɓuya.

Inda aka ja dogo shi ne tarwaɗa. Ashe ƙanen nawa ƙaramar tarwaɗa ya samo daga tafkin Madarumfa ya jefa ciki, wai tana da kyau! To ita duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, da dare take farauta. Karfasa ma in ta girma ƙasan take tonewa tana korar kowa.

Kifin adon da ake kira beta, maza biyu kam kada a haɗa, sai ɗaya ya yayyaga ɗaya. Jan kifin zinariyan nan ruwan sanyi yake so ga yawan kashi, ni a ganina da zafin Maradi na watan 4 da kuran da kan ɗauke, barinsa ya fi.

Ruwan pampo kuma a tara a bokiti ya kwana, sinadarin kulorin ya fita kafin a zuba.