Mai waldar unguwa ko na Ƙofar Ruwa? Ku ba ni shawara

Abban Sumayya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Corolla 2006. Ranar Talata wani ɗan adaidaita ya goge min gefen baya na hagu a wajen Kabuga, ƙofa ta loɓa, saman taya kuma ya tsage kamar tsawon yatsa. Dama salansa ta fara huci tun kafin nan, daidai wurin nan mai kama da saƙar raga a ƙarƙashin inji. Na je wurin mutum biyu. Na Ƙofar Ruwa ya ce 55,000 har da fenti, kwana huɗu. Wani yaro a unguwarmu ya ce 22,000, kwana biyu, amma fenti sai dai in kai wani wuri. Abin da ke hannuna 30,000 ne, kuma da motar nake kai yara makaranta, ba zan iya barinta fiye da kwana biyu ba. Mutum ɗaya ya kamata ya yi jikin da salansar, ko a raba? In na zaɓi mai arhan, me zan duba?

Ɗan Kawo: Wa alaikumussalam. Ka kawo ta Panteka kawai, a nan Kaduna babu ƙarfen da ya fi ƙarfinsu.

Sani Golf: Ka sayi ƙofa 'yar Kwatano ka huta da bugun guduma.

Abban Sumayya: Malam Sani, na ce dubu talatin gare ni. Kuma ina Kano, Ɗan Kawo.

Baba Direba: Ɗana, raba aikin. Mai gyaran jiki daban, mai salansa daban. Jikin mota falle ne siriri, in aka ɗora masa waldar lantarki da ƙaton sanda sai ya huje shi, ya dawo yana toshe ramin da ya haƙa da hannunsa. Ka nemi mai waldar gas, mai kabaid da iska. Shekara 27 ina jan mota tsakanin Kano da Jos.

Maman Ilham: Ni dai ko wa za ka ba, kada ka matsa daga wurin. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bara da damina salansar Honda ta ta fashe, maigidan ya yi tafiya, na kai wa wani da aka ce yana da sauƙi. Ya leƙa ƙasa ya ce 8,000, "Hajiya je ki gida ki huta, la'asar ki turo yaro." Har lemo ya sa aka sayo min. Na karɓi mota, ƙarar ta ragu kaɗan, amma sai wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da ɗanyen fetur, fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa, man da nake sha sati guda ya koma kwana biyar. Sai da maigidan ya dawo aka ɗaga motar a rami. Ashe mai waldar ya yanka tukunyar nan mai tace hayaƙi da bakanikai ke kira indomi, ya kwashe abin da ke ciki tas, ya mayar da fanko ya yi mata walda ta sama, inda ido ba ya kaiwa. Da idona na ga layin waldar, sabo fil, yana ƙyalli, sauran bututun duk tsatsa. Muka koma, ya rantse da Allah haka ya same ta. Ba ni da shaida, ban ɗauki hoto ba. Da muka je neman wata, kuɗin da aka faɗa mana ya ninka na aikinsa fiye da sau goma, ita ma ba tabbas a kan cikinta. Har yanzu haka nake jan motar, yara na baya suna cewa kansu na ciwo in mun daɗe a cunkoso.

Auwal Fagge: Hajiya, indomin nan da ƙwai ya soya ta ko haka ya cinye?

Maman Ilham: Auwal, ba abin dariya ba ne. Allah ya isa tsakanina da shi.

Injiniya Kabiru: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Abin da ke sa suke kwashewa, akwai ƙarafa masu tsada a jikin saƙar da ke cikin tukunyar, irin su filatinam da faladiyam, masu saye suna nan suna jira. Amma maganar ciwon kan yara kada ki yi wasa da ita. In hayaƙi na shigowa cikin mota akwai inda bututun ke zuba, kuma iskar da ke illar ba ta da wari ma. A duba gobe. Shi kuma Abban Sumayya, in za a yi waldar lantarki a cire kan batir tukuna, in ba haka ba kwamfutar motar na iya lalacewa. Kuma ban yarda da Baba ba cewa gas ya fi. Zafinsa na bazuwa, falle ya lanƙwashe, sai a cika maka da fila, ƙullun nan da ake shafawa a rufe loɓa.

Baba Direba: Injiniya, ka taɓa riƙe tocin walda a hannunka? Ko a allo aka zana muku?

Injiniya Kabiru: Baba, da girmanka, jan mota ma ai ba walda ba ce.

Ɗan Mai Walda: Ku duka kun faɗi rabi. A shagon mahaifina na tashi. Hannu ne, ba inji ba. Mai haƙuri yana ɗigawa kaɗan kaɗan yana barin ƙarfe ya huce. Abban Sumayya, je ka kalli motar da yaron ya gama, ka ɗora mayen ƙarfe a wurin gyaran. In bai kama ba, fila ce ya lafta, zafin Afrilu ɗaya za ta tsattsage. Raga kuwa ba a yi mata walda, sabuwa ake sawa. Kuma 22,000 ba arha ba ce, ni 15,000 zan ce.

Sani Golf: 15,000 a wace shekarar? Ragar kaɗai 12,000 na saya wata biyu da suka wuce.

Auwal Fagge: Ni 6,500 na saya.

Sani Golf: Ka sayi 'yar kwana arba'in ke nan.

Ummu Hanif: Ni 40,000 aka karɓa a hannuna kan ƙofa ɗaya, ba salansa. Mata dai ana cutarmu a gareji, da sun ga mayafi farashi ya tashi.

Maman Ilham: Faɗi ki ƙara, 'yar'uwa.

Baba Direba: Ku tambayi kanku me ke fasa salansar tun farko. Tudun nan da kowane layi ke ginawa. Mutum ya haɗa siminti da dutse tsayin gwiwa a ƙofar gidansa, ba fenti, ba alama. Layinmu guda biyar ne tsakanin masallaci da bakin titi.

Ummu Hanif: Baba, ba don 'yan babur da ke kaɗe yara ba wa zai gina? A layinmu sai da aka karya wa yarinya ƙafa.

Ɗan Kawo: A gina, amma a yi shi mai faɗi. Wani ma itacen dogon yaro yake jefawa a hanya. Ranar Juma'a da dare na hau ɗaya, ƙasan motar ya daki ƙasa har kofin shayi ya zube min a riga.

Abban Sumayya: Jama'a na gode. To yaron unguwar zan ba ko in jira albashi?

Baba Direba: Ummu Hanif, ni ban ce kada a kare yara ba. Amma wanda ke gaban shagon mai wanki a layinmu, ki zo ki gani, ko Hilux sai ta karkace take hawa. Mun je wurin mai unguwa sau biyu.