Musayar Waƙa: Jiragen Sama a Ƙasar Ƙanƙara

Ɗan Marina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waƙar wannan mako a kan jiragen saman farko ce da suka kutsa ƙuryar arewacin duniya, da mutanen Inuwit da suka tarar a can. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "ra". Ga buɗewa:

Da sunan Mai sama zan buɗe baki,
Shi ya yi rairayi, Shi ya yi ƙanƙara.

A 1925 Amurka ta ba da jirage uku,
An kwance su, cikin jirgin ruwa an jera.

MacMillan ne jagora, Byrd ke da matuƙa,
Etah ta Girinlan suka tunkara.

A bakin gaɓa suka ɗaura fukafukai,
Cikin Agusta inji ya soma ƙara.

Da shekara ta kewayo ga Amundsen da Nobile,
A jirgin balan-balan, Norge ake kira.

Ran 12 ga Mayu suka ratsa ƙuryar arewa,
A Teller ta Alaska suka je suka dira.

Wanda ya tashi ba shi da filin sauka,
Ni dai a wurina jarumi ne, ya yi nasara.

Yaya Uwani:
Ƙanena, bakinka da daɗi, amma ka gai da baƙo ka tsallake mai gida.

Etah ba kufai ba ce da suka isa,
Da masu ita, maza da mata da yara.

Inughuit ne, mafarauta a bakin teku,
Sun san ƙanƙarar takawa, sun san ta jira.

Peary a 1909 da wa ya nufi ƙuryar arewa?
Henson, da Inuwit huɗu masu basira:

Ootah, Egingwah, Seegloo da Ooqueah,
Ku riƙe sunayen nan, kar su bi shara.

Rigar fatar da ta hana baƙo daskarewa,
Matan Inuwit suka ɗinka masa sutura.

Amundsen ɗin da kake yi wa kirari,
Wajen Inuwit na Netsilik ya zauna ya koyi dabara.

Hunturu biyu ya kwana a Gjoa Haven,
Kora karnuka da ginin ɗakin ƙanƙara.

Malam Bazazzage:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da yadda tafiyar Etah ta kaya, don ba a cika faɗa ba.

Hazo ya rufe, iska ta hana tashi,
Mashigin teku duk ƙanƙara ta tara.

Tekun da suka zo dubawa ba su kai ba,
Kafin Agusta ya ƙare sun gangara.

A 1931 ga Courtauld ɗan Ingila,
Shi kaɗai a tsakar Girinlan yana jira.

Wata biyar, dusar ƙanƙara ta binne tanti,
Ga jirgi a sansani, bai kawo bishara.

Watkins jagoransu ne ya zo da karnuka suna ja,
Da tafiyar Inuwit mutumin ya tsira.

Ɗan Marina:
Malam, Yaya, ban raina mai gida ba, Allah shaida. Amma ku bar wa matuƙa haƙƙinsu.

Wilkins da Eielson a Afrilun 1928,
Daga Barrow zuwa Svalbard ba su tsaya hira.

Shekarar nan jirgin Italia ya faɗi,
Nobile da jama'arsa na kan ƙanƙara.

Amundsen, duk da saɓanin da ke tsakani,
Ya tashi nemansa, bai tsaya shawara.

Ran 18 ga Yuni ya bar Tromso,
Har yau ba gawarsa, wannan asara!

Kuma jirgin sama ne daga baya ya kai wasiƙa,
Ya ɗauko marar lafiya kafin a makara.

Yaya Uwani:
Na ji tausayin Amundsen, ƙanena, har cikin raina. Maganar ɗauko majiyyaci ma haka take. To amma saurari abin da ya biyo baya a ƙasar mutanen Etah ɗin nan, shi ne ke ci mini rai.

A 1951 Amurka ta dawo Thule,
Filin jiragen yaƙi ta zo ta ƙera.

Denmak mai mulki ce ta ba da izini,
Masu ƙasar ba wanda ya nemi su da shawara.

A Mayun 1953 aka ce su tashi,
Kwanaki kaɗan aka ba su su tattara.

Suka bar Uummannaq da kaburburan iyaye,
Da wurin farautar da suka daɗe suna mora.

Karnuka suka ja su arewa har Qaanaaq,
Gidaje ba a gama ba, a tanti aka fara.

Shekara da shekaru ana cewa da son ransu,
Su kuwa suna faɗin tilas ce, kora.

Sai a 1999 kotu ta saurare su,
Firaministan Denmak ya nemi gafara.

Sun nemi komawa, kotun ƙoli ta hana,
Diyyar da aka yanka ba ta rufe asara.

A 2023 an sauya suna, Pituffik,
Sansanin na nan, su suna inda suka ƙaura.