Muhawarar Direbobin Jidda da Makka: Motar da Ƙafafunta Huɗu Ke Juyawa

Direban Rauda: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Shekara 11 ina tuƙi a ƙasar nan ban taɓa goge ko bamba ba, sai jiya. Kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, ya sayo sabuwar mota, irin fowil ɗin nan da ƙafafun baya ke juyawa da kansu. Na yi fakin jikin katanga, na murɗe sitiyari zan fita, kawai gindin motar ya yi waje ya daki katangar. Yanzu ya ce daga albashina za a cire. Wannan mota ce ko aljana?

Ɗan Agadas: Allah ya kiyaye gaba. Amma Malam, fowil ba ta juya ƙafar baya. Ni na yi shekaru ina keta Sahara da Land Cruiser kafin na zo nan. Fowil ja take yi da ƙafa huɗu, shi ke nan.

Direban Rauda: Alhaji, da idona na gani a madubi.

Ɗan Agadas: To ba fowil ba ce, kada ka ɓata mata suna.

Baban Halifa: Ai duk motar da ƙafarta huɗu ke aiki fowil ce. Ku Nijar kun ɗauka ku kaɗai kuka san rairayi.

Makaniken Sana'iyya: Ku dakata. Abu biyu kuke haɗawa. Ɗaya inji ne ke tura ƙarfi zuwa tayoyi huɗu, wannan ita ce fowil ta Alhaji. Ɗaya kuma sitiyari ne ke kaiwa ga tayoyin baya, kuma mota na iya samun wannan ba tare da wancan ba. Akwai ƙaramin inji na lantarki a gatarin baya, kwamfuta na duba gudunka da yadda ka murɗa sitiyari. In kana tafiya a hankali, ka karya dama, tayoyin baya sai su ɗan karkata hagu, motar ta yi kwana a ƙuntataccen wuri kamar gajeriya. In ka ɗauki wuta a kan titin Makka zuwa Jidda, sai su bi inda na gaba suka nufa, ka sauya layi ba tare da gindin ya yi lilo ba. A S-Class ta 2020 wajen kilomita 60 a awa ne ake wannan sauyin, kuma bayan na iya juyawa har digiri 10. Shi ya sa ƙanena, in kana jikin katanga, ka fara matsawa gaba miƙe kafin ka murɗe, don bayan yana fita waje a farkon kwana.

Baban Halifa: Ka ji! Ya ce ƙafa huɗu. Fowil ke nan.

Ɗan Agadas: Bai ce haka ba. Karanta da kyau in ka iya.

Baban Halifa: "In ka iya" kake ce mini? Ni da na yi sakandare a Kano?

Ɗan Shara Mansur: Mu da aka haifa a nan "dabal" muke cewa, ba mu san wani fowil ba. Ku baƙi ku ne kuke zuwa da Turancinku na tasha.

Baban Halifa: Su wa ne baƙi? Kakanka da ƙafa ya zo ta Sudan, mu a jirgi. In Balarabe ya tashi kiranmu Takari, tare yake haɗa mu.

Ɗan Shara Mansur: Baba, girmanka ne ya sa zan yi shiru.

Makaniken Sana'iyya: Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce aljana. Honda ta saka shi a Prelude tun 1987, ba ma kwamfuta, sandar ƙarfe ce ke tafiya daga gaba zuwa baya. Nissan na da nata mai suna HICAS. GMC ta gwada shi a manyan akori-kura daga 2002, da suna Quadrasteer, tsada ta sa ba a saya sosai ba, aka daina a 2005.

Ɗan Agadas: To ka gani, an daina. Abin da ba zai jure hanyar Dirku ba wasan yara ne. Ƙura ta shiga wayoyin nan, ka kwana a daji.

Makaniken Sana'iyya: Alhaji, kai ma kana da gaskiya ta wani ɓangaren, kayan sun fi yawa, saitin ƙafa ya fi tsada. Amma an dawo da shi. Hummer mai lantarki har tafiyar kaguwa take yi, duk ƙafafun su fuskanci gefe guda.

Mai Limozin: Ni dai wani abokina ya ce ya hau hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'if da irinta, kwanonin nan kamar ba kwana ba.

Baban Halifa: Wane abokin? Kullum kai abokinka ne ke hawan manyan motoci.

Mai Limozin: Gara ni. Riyal 200 ɗina na watan Rajab fa?

Baban Halifa: Nan ba wurin bin bashi ba ne.

Direban Rauda: Jama'a, ni tambayata, laifina ne ko na motar? Me zan ce wa kafili?

Ɗan Agadas: Ka fara janye kalmar fowil tukuna.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Na karanta duka. Abin da aka cimma shi ne Alhaji ɗan Agadas ne da gaskiya, fowil daban, wannan abin daban, kuma mota ta gaske ita ce wadda ba ta da tarkacen lantarki, kamar tawa da nake ja tun 2009 ba ta taɓa kwana a gareji ba. Makanike ya yi dogon bayani, amma kowa ya san da irin waɗannan motocin yake cin abinci. Wanda ya goge katanga kuma ya yi haƙuri, ya koyi duba madubi. Na rufe maganar.

Makaniken Sana'iyya: Ranka ya daɗe, taka ce a garejina tun ranar Talata, giya ta ƙi shiga.

Baban Halifa: Ita ma fowil ce?