Ƙofar gari tana zamewa a bayan jarumi: in sayi manhaja ko mu koma lokeshan?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu tace fim. Ina da wani sin mai tsawon daƙiƙa 14 da aka ɗauka da kamara a hannu, mai ɗaukar yana bin jarumi daga baya a cikin wani lungu, kuma darakta yana so in dasa wata tsohuwar ƙofar gari da aka ƙera a kwamfuta a ƙarshen lungun. Na gwada abin bibiyar motsin kamara da ke cikin manhajar After Effects. Da farko ƙofar tana zama daram, amma da zarar wasu yara biyu sun gifta ta gaban kamara sai ta fara zamewa zuwa hagu. Katangun lungun na siminti ne masu santsi, ba tabo ba zane, ba a kuma rubuta milimitar gilashin kamarar da aka ɗauka da shi ba, wato lambar da take nuna faɗin hangensa. Kwamfutata ƙarama ce mai giga 8, kuma bayan Sallah za a haska fim ɗin. Shin in sayi DaVinci Resolve Studio, ko in duƙufa koyon Blender, ko in roƙi darakta mu sake ɗauka?

Editan Zoo Road:
Wa alaikumus salam. Kamfanonin da suke yi wa manyan finafinan duniya aiki ba su dogara da After Effects wajen wannan fanni ba. Suna amfani da 3DEqualizer na ƙasar Jamus, da PFTrack na Ingila, da kuma NukeX. Ka nemi ɗaya daga cikinsu tare da babbar kwamfuta ta tebur, ka huta.

Ɗalibar Zanen Kwamfuta:
Yallaɓai, ai ya bayyana ƙarfin kwamfutarsa da ƙurewar lokacinsa. Malam mai tambaya, ina kyautata zaton yaran nan ne suke ɓata maka lissafi. Manhajar tana zaɓar ɗigogi a cikin hoto tana binsu daga firem zuwa firem, wato hotunan da suke jeruwa su zama bidiyo, tana ɗauka cewa duk abin da ɗigon yake kai a tsaye yake, sannan ta auna yadda na kusa suke gudu fiye da na nesa domin ta gano inda kamara take. Idan ɗigogi suka hau rigar yaro mai tafiya, sai ta zaci kamarar ce ta motsa. Ka rufe yaran da jarumin a cikin hoton kafin ka sa ta bincika, ko ka goge ɗigogin da suka hau kansu domin ta sake lissafi. Idan hakan bai yi ba, a Blender kana iya sanya ɗigogin da hannunka a kan dokin ƙofa, da sandar wutar lantarki, da duwatsun ƙasa. Tana bukatar aƙalla ɗigo 8 da suke bayyana tare a firem biyun da za ta gina lissafi a kansu, kuma littafin jagorarta ya ce kuskuren da bai kai 0.3 na fiksel ba, wato ƙwayar hoto mafi ƙanƙanta, ya yi daidai, wanda ya haura 3 kuwa sai an sake aiki.

Tsohon Hannu:
Ƙanena, ka koma lokeshan tun kana da sauran mutunci a idon darakta. Ni an taɓa kawo mini wani sin na yaƙi, aka ce in cika fili da dawakai da tutoci. Mai ɗaukar ya kafa kamara a kan ƙafa uku yana juya ta daga dama zuwa hagu, yana kuma jawo hoto a lokaci guda, ga hazon hunturu ya shafe duk abin da ke nesa. Kamarar da take juyawa a wuri ɗaya ba ta bayar da zurfi ko kaɗan, domin na kusa da na nesa tare suke tafiya a cikin hoton, saboda haka babu manhajar da za ta faɗa maka tazarar bishiya daga dutse. Akwai yanayi na musamman da manhajojin suka tanada domin irin wannan juyin, na kuwa yi amfani da shi, amma jawo hoton da aka yi yana sauya hangen gilashi a kowane firem, ɗigogin kuma suna ɓacewa a cikin hazo. Na bayyana wa furodusa cewa matsalar daga ɗauka take, sai ya ce a finafinan ƙasashen waje har dodanni ake sanyawa, ni dawakai kaɗai sun gagare ni. Na zauna na daidaita ƙafafun dawakan da hannu, firem bayan firem, kuma ku tuna firem 25 ne a kowace daƙiƙa. Da na kai aikin, ya tara yaransa suka kalla a waya, suka ce dawakan suna iyo a saman ƙasa. Ya riƙe rabin kuɗina har yau, aka yanke sin ɗin gaba ɗaya, sannan aka yi ta yaɗawa cewa ni ne na ɓata fim.

Mai Barkwanci:
Allah ya ba ka haƙuri, Baba, amma da ka ce musu dawakan aljanu ne. Shi ma mai tambaya ya shawarci darakta a mayar da labarin na ban tsoro, domin ƙofar gari mai tafiya da kanta za ta fi jarumin jan 'yan kallo.

Editan Zoo Road:
Game da kuɗi, DaVinci Resolve Studio dala 295 ce, biya ɗaya babu na wata-wata, kuma a cikinta ake samun abin bibiyar kamara na Fusion, wato sashenta na haɗa hotuna. Ta kyauta ba ta da shi.

Mai Ɗaukar Biki:
Ni ban biya ko sisi ba, domin a cikin kwalin kamarata ta Blackmagic na tarar da lambar lasisinta. Kuma a nan garinmu akwai mai yin wannan bibiyar a kan naira dubu 15 kowane sin.

Tsohon Hannu:
Wanda ya karɓi dubu 15 maɓalli ɗaya zai danna ya miƙo maka abin da ya fito. Ni da na nemi wani ƙwararre ya duba mini dawakan nan, dubu 80 ya ambata, kuma ya ce sai an ba shi girman sensar kamarar, wato farantin da yake karɓar hoto a cikinta, da milimitar gilashi da hoton allo mai murabba'ai da ake ɗauka domin auna lanƙwasar gilashin. Babu ko ɗaya a cikinsu da muka tanada.

Ɗalibar Zanen Kwamfuta:
Kafin a kai ga kashe kuɗi, akwai Mocha AE da take zuwa tare da After Effects ɗin da yake hannunsa. Ita shimfiɗaɗɗen fili take bi gaba ɗayansa maimakon ɗigo ɗaya-ɗaya, shi ya sa take jure giftawar mutum da ɗan dusashewar hoto. Tunda ƙofar tana can nesa a ƙarshen lungu, wataƙila ba ya ma bukatar cikakken lissafin kamara, ya isa ya manna hotonta a bangon da yake fuskantar kamara.

Tsohon Hannu:
'Yata, fim nawa kika taɓa miƙa wa furodusa ana gobe haskawa? Abin da ake gani a darussan intanet hotuna ne da aka ɗauka musamman domin su bibiyu, da bulo a jere da haske mai kyau. Lungu mai katangar siminti wani abu ne dabam.

Ɗalibar Zanen Kwamfuta:
Baba, ina girmama shekarunka a wannan sana'a, amma sin ɗinka na juyi ne a kan ƙafa uku, nasa kuwa kamara tana tafiya gaba, wanda shi ne irin motsin da manhajar take so. Cutar ba ɗaya ba ce, don haka bai kamata a ba shi maganinka ba.

Mai Neman Shawara:
Na gode muku duka. Na tuntuɓi mai ɗaukar, ya ce abin hana girgiza na cikin kamarar a kunne yake lokacin ɗauka, kuma fayil ɗin da yake hannuna ba na asali ba ne, an rage nauyinsa kafin a turo mini. Na kuma lura katangun suna ɗan karkacewa idan kamara ta fizga. Shin wannan ya sauya shawarar?

Editan Zoo Road:
Karkacewar daga sensa take, domin tana karanta hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa, abin hana girgizar kuma yana yanka hoton yana matsar da shi ta hanyar da kamarar gaske ba ta motsawa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne batun fayil. Me ya sa kullum sai edita ya yi bara kafin a ba shi ainihin abin da ya fito daga katin kamara? Ana matse hoto har ƙananan tabon da ɗigo zai kama su narke, sannan a ce a yi abin al'ajabi da shi.

Mai Ɗaukar Biki:
Kada ku ɗora mana laifin duka. Sau da yawa ba a gaya wa mai ɗauka cewa za a dasa wani abu a sin sai bayan an tashi daga lokeshan. Da an faɗa, manna 'yan guntayen salatif a katanga da rubuta milimitar gilashi a takarda ba zai ci minti biyar ba.

Tsohon Hannu:
To wa zai faɗa, alhali ba a gayyatar edita ranar ɗauka? Akwai kuɗin motar jarumi da na mai kwalliya da na masu abinci, amma kujera ɗaya ta wanda zai ɗauki nauyin sin ɗin a ƙarshe babu ita a kasafi. Duk abin da ya lalace sai darakta ya ɗaga hannu ya ce za a gyara a kwamfuta. Ina so wani a nan ya faɗa mini ko an taɓa biyansa kuɗin zuwa lokeshan a matsayinsa na edita, da kuma nawa aka ba shi.