Gada a sama, mutane a ƙasa: lalaci ne ko dole?

Direban tasi: Jama'a, ni dai na ce lalaci ne kawai. Jiya da magariba a hanyar Kubwa a Abuja, daidai Gwarinpa, saura ƙiris in banke wani saurayi. Ga gadar tsallaka titi a saman kansa, amma ya ɓullo ta inda aka yanke wayar tsakiyar titi. Har na isa gida jikina bai daina rawa ba.

Maman 'yan biyu: Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Amma ban yarda lalaci ne ba. Ku direbobi a ina kuke sauke mu? Sau nawa ake ajiye ni a Lugbe nesa da gada, ga goyo, ga kaya a kai, ga rana? Kuma bayan isha'i wace mace ce za ta hau gadar da babu fitila? A kan gada aka fizge wa ƙanwata waya, ta yi ta ihu, babu wanda ya hawo.

Direban tasi: Hajiya, waya ana sayen wata. Rai fa?

Malamin makaranta: Ku duba lissafin nan. Ƙa'idar gudun ƙananan motoci a babban titi kilomita 100 ce a awa, wato kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Motar da ka hango can nesa, kafin ka ƙetare layi biyu ta iso. Hanyar filin jirgi kuwa layi goma ce. Ido yana yaudarar mutum, musamman da dare.

Maman 'yan biyu: Gaskiya ne, Malam, mu ma a tsorace muke tsallakawa. To a haska gadojin mana, a sa masu tsaro.

Dattijon Nyanya: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Guiwata ba ta son matakala, duk da haka ina hawa. Abin da ke ci mini rai, sai na kai sama in tarar masu talla sun baje kaya, hanya ta zama siririya. Amma ɗiyata, samarin da nake hange suna haura shinge da tsakar rana a Area 1, ba goyo, ba kaya, me ya tsorata su?

Maman 'yan biyu: Waɗannan kam ba ni da bakin kare su, Baba.

Direban tasi: Batun saukewa kuma na karɓa, Hajiya. Sai dai sau da yawa fasinja ne ke cewa a tsaya masa a nan, in ka wuce da shi gindin gada ya hau ka da faɗa.

Maman 'yan biyu: Ka wuce da shi, ya yi faɗan.