Wasa bakwai ko sili-ɗaya-ƙwale: wanne ke fitar da zakaran gaskiya?

Koci: Jama'a, ga maganata, wanda bai yarda ba ya fito. Kambun NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya fi na NFL, gasar ƙwallon Amurka, tabbatar da gwani. A ƙwallon kwando sai ƙungiya ta wuce zagaye huɗu, kowane zagaye sai ta doke abokiyar karawa sau 4 cikin wasa 7, wato nasara 16 kafin ta ɗaga kofi. A ƙwallon Amurka kuwa sili-ɗaya-ƙwale ne. Ka yi kaka guda kana tashe, dare ɗaya ƙwallo ta suɓuce maka, shi ke nan sai baɗi. Sa'a ta yi yawa a ciki.

Ɗan Auta: Koci, da girmanku, ban yarda ba. Wanda ya kasa a ranar da ta fi kowace rana muhimmanci, da wane baki zai ce shi ne gwani?

Koci: To amsa min wannan, ƙanena. Kakar 2007, Patriots sun ci wasanninsu 16 duka, suka ƙara biyu a zagayen fitar da gwani. Giants kuwa 10 suka ci, aka doke su 6. A Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, na Fabrairun 2008 Giants suka yi nasara da 17 da 14, kuma har da ƙwallon da David Tyree na Giants ya danne a jikin hular kwanonsa. Tsakaninka da Allah, in aka ce su kara sau bakwai, Giants za su ci huɗu?

Ɗan Auta: Ba a ce su kara sau bakwai ba. Kowa ya san ƙa'ida tun kafin a fara. Kuma ba hular Tyree kaɗai ba ce, masu tsaron Giants sun kayar da Tom Brady, mai jefa wa Patriots ƙwallo, sau biyar a daren. Shiri ne aka yi masa. Bayan shekara huɗu ma suka sake doke Patriots ɗin a Super Bowl. Sa'a ce sau biyu?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum. Ni a ɓangaren lissafi ina bayan Koci, amma ba don yawan wasannin kaɗai ba. Ku duba cikin wasa ɗaya ma. A NBA kowace ƙungiya takan riƙe ƙwallo kusan sau 100 a dare guda. A NFL kai hari bai fi sau goma zuwa sha biyu ba. Idan damarka ɗari ce, kuskure ɗaya yakan nutse a cikin sauran. Idan goma ce, kuskure ɗaya ya cinye kashi goma cikin ɗari na rabonka. Sannan ka ninka ɗarin nan sau bakwai. Shi ya sa tarihin NBA bai cika ba da mamaki ba: ƙungiyar da ta zo ta takwas a ɓangarenta, wato ta ƙarshen masu shiga zagayen fitar da gwani, ba ta taɓa cin kofi ba. Knicks sun kai wasan ƙarshe a 1999, Heat a 2023, duka suka faɗi da 4 da 1. Mafi ƙasa da ta taɓa ci ita ce Rockets ta Hakeem Olajuwon a 1995, tana ta shida, kuma ita ce ke riƙe da kofin tun 1994, ba baƙuwa ba ce.

Bazazzage: Malama, lissafinku ya yi, amma ya tsallake jikin ɗan Adam. Ni Raptors nake so tun da na san Masai Ujiri, wanda ya haɗa ƙungiyar da ta ci kofin 2019, a Zariya ya tashi. Duk da son da nake musu, na ga abin da ya faru da idona. A karawar ƙarshe, Kevin Durant na Warriors ya dawo a wasa na 5, jijiyar agararsa ta tsinke. A wasa na 6 abokin wasansa Klay Thompson ya tsinka jijiyar gwiwa. Warriors ɗin da Raptors suka doke ba cikakku ba ne. Kafin nan ma, wasa na 7 da Sixers, ƙwallon Kawhi Leonard na Raptors sai da ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa, 92 da 90. Da ta faɗo waje sai ƙarin lokaci, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Wasa bakwai ne fa, amma abu ya zo ya rataya a kan jifa ɗaya. Haka a 2021, Durant yana Nets, a wasa na 7 da Bucks yatsan ƙafarsa ya taɓa layi, jifan da zai zama maki uku ya koma biyu, Bucks suka ci a ƙarin lokaci suka je suka ɗauki kofi.

Koci: Amma sai da aka yi wasa shida, kowa ya ci uku, kafin a zo ga jifan. Ma'ana ƙungiyoyin biyu kusan ƙarfinsu ɗaya. In sa'a ta raba tsara da tsara ban damu ba. Abin da ke ci min rai shi ne ta ɗauki na ƙasa ta ɗora a kan na sama, kamar Lions na NFL da suka ci 15 cikin 17 a kakar 2024, Commanders suka fitar da su a wasansu na farko.

Ɗan Auta: Yauwa, tunda an zo nan. Warriors ta 2016 fa? Nasara 73, rashin nasara 9, babu wanda ya taɓa yin haka. Suna gaba da 3 da 1, Cavaliers suka zo suka ƙwace. In wasa bakwai ne ke fitar da wanda ya fi, to ku faɗa min wa ya fi a shekarar.

Koci: Cavaliers. Sau uku a jere suka doke su, biyu daga ciki a gidan Warriors. Wannan hujjata ce, ba taka ba.

Bazazzage: An dai dakatar da Draymond Green na Warriors a wasa na 5.

Kawu: Yara, bari in sa baki. Akwai tambayar da ban ga wanda ya amsa ba. In har NFL caca ce, ta yaya Brady ya je Super Bowl sau 10 ya ci 7? Ta yaya Chiefs da Patrick Mahomes suka je sau biyar cikin kaka shida suka ci uku? Sa'a ba ta zama a gida ɗaya haka. A NBA ɗin kuma da ake cewa gwani ne ke ci, daga 2019 zuwa 2025 ƙungiya bakwai daban-daban ce ta ɗauka: Raptors, Lakers, Bucks, Warriors, Nuggets, Celtics, Thunder. Babu wadda ta maimaita.

Malamar Lissafi: Kawu, tambayarku ta yi nauyi. Abin da zan ce, a NFL mutum ɗaya, mai jefa ƙwallon, yana riƙe da kusan kowane hari, don haka wanda ya samu gwanin gwanaye a wurin yakan daɗe a sama. Canjin zakara a NBA kuwa dokokin kashe kuɗi ne, musamman yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da 'yan wasa, suka sa da wuya ƙungiya ta riƙe taurarinta duka. Bambancin shekara da shekara ke nan. A cikin shekara guda kuwa, Celtics ta 2024 da Thunder ta 2025 su ne suka fi kowa nasara a kaka, kuma su suka ci kofi.

Bazazzage: Thunder ɗin ma, a wasa na 7 agarar Tyrese Haliburton na Pacers, abokan karawarsu, ta tsinke tun a kwata na farko. A zagayen shekarar kaɗai, shi da Jayson Tatum da Damian Lillard duk ciwo ɗaya. Wasa 82 a kaka, sannan wata biyu ana gumurzu kusan kwana ɗai-ɗai tsakani. Tsarin da kuke yabo, Koci, wanda ya rage a tsaye yake zaɓa.

Koci: Wannan ƙorafi ne a kan tsawon kaka, kuma ina tare da kai, a rage 82 ɗin. Amma kada a taɓa wasa bakwai. Ita kanta NFL ta san akwai gyara. Janairun 2022, Bills da Chiefs, aka tafi ƙarin lokaci, aka jefa kwabo, Chiefs suka ci zaɓi suka zura, 42 da 36, Josh Allen, mai jefa wa Bills ƙwallo, ko taɓa ƙwallo bai yi ba a ƙarin lokacin. Bayan wata biyu aka canza doka, aka ce a irin wannan zagaye dole kowace ƙungiya ta samu dama. Me ya sa suka canza in babu matsala?

Ɗan Auta: Sun gyara ƙarin lokaci, ba su soke sili-ɗaya ba. Kuma Bills suna gaba saura daƙiƙa 13. Wa ya hana su tsarewa?

Kawu: Ba ma za su iya sokewa ba. Wasan da mutane ke karo da juna da ƙarfin tsiya, mako guda ake ba su su warke, shi ya sa kakarsu 17 ce kawai. Wasa bakwai a kowane zagaye, babu ɗan wasan da zai kai ƙarshe da ƙafarsa. Koci, in kana da wani tsari da jikinsu zai ɗauka, kawo mu ji.

Koci: Ba ni da shi, Kawu, kuma ban ce su canza ba. Cewa na yi idan Giants ta 2007 ta ɗaga kofi, a kira ta zakara, kada a ce ta fi Patriots.

Ɗan Auta: Ni kuwa zan ce ta fi ta, tunda a fili aka haɗu.