Mahaifiyar wanda zan aura ta ba ni carbi, ni kuwa ba 'yar Katolika ba ce

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Na taso a cocin Furotesta, wanda zan aura kuma ɗan Katolika ne. Mahaifiyarsa ta ba ni kyautar carbi, ta ce tana fatan mu riƙa yin addu'ar "A gaishe ki Maryamu" tare. Na karɓa don kada in kunyata ta, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin an koya mini daga 1 Timoti 2:5 cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Yesu. Yaya zan yi?

Wani katekis (mai koyar da addinin Katolika): 'Yata, fara da sanin abin da Katolika suke koyarwa kafin ki yanke hukunci. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Maryamu girmama ta ake yi, ana kuma roƙonta ta yi addu'a dominmu, kamar yadda kike roƙon wata 'yar'uwa a coci ta sa ki a addu'a. Rabin farko na addu'ar da kika ambata daga Bisharar Luka sura 1 aka ɗauko shi, wato gaisuwar mala'ika Jibra'ilu da ta Alisabatu. Ko laƙabin "Uwar Allah", wanda taron shugabannin coci a birnin Afisa ya tabbatar a shekara ta 431, an tsayar da shi ne don kare gaskiyar cewa wanda ta haifa Allah ne kuma mutum ne, saboda haka magana ce a kan Yesu kafin ta zama magana a kanta.

Wani dattijon coci: Baba katekis ya faɗi gaskiya, Martin Luther ma, wanda ya fara tafiyar Furotesta, bai yar da wannan laƙabi ba, amma kada a rufe bambancin da yake akwai. Koyarwar cewa an ɗauki cikin Maryamu ita kanta ba tare da zunubin asali ba, wadda Fafaroma Pius na 9 ya ayyana a 1854, da ta ɗaukarta zuwa sama jiki da rai, wadda Pius na 12 ya ayyana a 1950, mu 'yan Furotesta ba mu karɓe su ba domin ba mu same su a Littafi Mai Tsarki ba. Kada ki furta addu'ar da lamirinki bai yarda da ita ba don neman shiga wurin suruka.

Wata uwa: 'Yar'uwa, na bi wannan hanya. Na gaya wa surukata cikin ladabi cewa zan zauna tare da su lokacin carbi ina addu'ata a zuci, ta kuwa amince. Abin da ya fi ba mu wuya daga baya shi ne cocin da 'ya'ya za su taso a ciki, don haka ku je wurin Fada da fastonki ku daidaita wannan tun kafin a sa rana.

Mai tambaya: Na gode, Mama. Zan fara yi wa shi wanda zan aura maganar, domin har yanzu bai san carbin yana damuna ba.